Kalma Mai Jingina da Nufin Mai Magana: Gurbin Wakilin Suna a Girkanci

Harshen Girkanci, tun daga waƙoƙin Homa har zuwa maganar mutanen Atina ta yau, yana da wakilin suna iri biyu ga mutum guda. Akwai tsayayye, mai nauyin kansa a furuci, wanda ke iya buɗe jimla, ya kuma iya zama amsar tambaya shi kaɗai. Akwai mai jingina, gajere, marar nauyi, wanda ba ya furtuwa sai ya raɓi wata kalma. Masana nahawun Girka na da sun kira irin na biyun *enklitikon*, wato mai karkata ya jingina da na kusa da shi. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan rabo. Wanda ya ce “na gan shi” labari kawai ya bayar, wanda kuwa ya ce “shi na gani” ya ware mutum guda daga cikin waɗanda ake zato. Haka “ya gaya mini” da “ni ya gaya wa”. Ba a fara magana da “mini”, kuma in aka tambayi mutum wa aka gaya wa, “ni” zai ce.

Abin da ya fitar da mas'alar daga ajin nahawu shi ne irin littattafan da aka rubuta da harshen. Da Girkanci Aflatun da Aristotal suka yi falsafa, da shi aka rubuta Sabon Alkawari, cikinsa kuma aka fara fassara littattafan Yahudawa daga Ibrananci. Shekaru aru-aru ke nan mutane suna kafa hujja da waɗannan matani, har da jerin kalmominsu. Tambayar dai ita ce: in aka ga ƙaramar kalma a wani gurbi, yaushe ne gurbin ke nuna nufin marubuci, yaushe kuma ƙa'idar harshe ce ta ajiye ta a can ba da shawararsa ba?

A tsohon Girkanci, mai magana yana da *emou*, *emoi* da *eme* a matsayin tsayayyu, ma'anarsu “nawa”, “gare ni” da “ni” na karɓau. Masu jinginarsu su ne *mou*, *moi* da *me*, wato an yar da wasalin farko. Wanda ake yi wa magana yana da *sou*, *soi* da *se*, amma a nan haruffan tsayayye da na mai jingina ɗaya ne, karin sauti kaɗai ya raba su. Ga wanda ake magana a kansa, Homa yana da ƙananan kalmomi irin su *min* da *hoi*, yayin da marubutan Atina suka dogara da siffofin *autos*. Harshen a wancan zamani yana da karin sauti na hawa da saukar murya, kowace cikakkiyar kalma da gaɓa guda da murya ke hawa a kanta. Mai jingina ba shi da irin wannan gaɓa. Yakan haɗe da kalmar da ta gabace shi su zama abu guda a baki, har wani lokaci ya tilasta mata ɗaukar kari na biyu. Kalmar *angelos*, wato manzo, karinta na kan gaɓar farko, amma in *mou* ya biyo ta sai ta ƙara wani a kan gaɓar ƙarshe. Daga nan ƙa'ida ta farko ta fito: tunda baya yake jingina, ba zai taɓa zama farkon jimla ba.

Wanda ya fi zurfafa bincike a kan wannan a zamanin da shi ne Afoloniyus Diskolus, malamin Iskandariyya na ƙarni na 2 Miladiyya, wanda ya rubuta littafi a kan wakilin suna da wani a kan ginin jimla. Ɗansa Hirodiyanus shi ya tsara ƙa'idojin karin sauti. A bayanin Afoloniyus, ana kawo tsayayye ne in ana son bambanta mutum da wani, mai jingina kuwa yana nuna mutumin kawai ba tare da an gwada shi da kowa ba. Ya kuma lura cewa wakilin suna na aikau, *ego* da *su*, ba su da siffa mai jingina, domin ƙarshen aikatau ya riga ya nuna mai aikin, saboda haka wanda ya ƙara “ni” ko “kai” wani abu ya ƙara da gangan. Wannan lura tasa har yau ita ce tushen abin da ake koyarwa.

Inda mai jingina ke sauka cikin jimla kuwa, sai a ƙarni na 19 aka fayyace shi. A shekarar 1892 Jacob Wackernagel, masanin harsuna daga Basel ta ƙasar Suwizalan, ya buga maƙala mai shafi fiye da 100 inda ya nuna cewa a Girkancin farko masu jingina suna rububin gurbi na biyu ne, wato bayan kalmar farko ta jimla, ko da kuwa ba su da wata alaƙar ma'ana da ita. Berthold Delbrück ya riga ya hango irin haka a Sanskirit a 1878, kuma bayan an warware rubutun Hittiyawa a 1915 sai aka tarar da ɗabi'ar a can ma, ta fi ƙarfi. Har yanzu harsunan Sabiya da Kuroshiya suna bin ta. A Girkancin Homa gurbi na biyun yakan cika da jerin gwano: ƙananan kalmomin haɗi irin su *de* da *gar* su fara, wakilin suna ya biyo baya. Sakamakon haka, kalmar “nawa” tana iya zama a farko-farkon jimla alhali abin da aka mallaka yana can ƙarshe. Da za a kwaikwayi tsarin da Hausa, sai a ce “wa mini cikin mutanen garin ya kawo labarin?” Kunnen Bahaushe ba zai karɓa ba, na Bagirke na da kuwa bai ji komai ba. Daga baya, a 1932 da 1933, Eduard Fraenkel ya gyara ƙa'idar da cewa ba lallai sai gurbi na biyu na dukan jimla ba, yana iya zama na biyu a wani yanki nata da mai magana ya ware da ɗan tsayawar numfashi.

Ƙa'idar ba ta dawwama ba. A Girkancin gama-gari da ya bazu bayan yaƙe-yaƙen Iskandar Mai Girma, wanda ake kira Koine, wakilin suna mai jingina ya fara barin gurbi na biyu yana komawa bayan kalmar da yake da alaƙa da ita, aikatau ko suna. Wasiƙun talakawa da aka tono a Masar, rubutattu a kan takardar da ake yi da ciyawar bakin Nilu, suna nuna wannan karkata. Fassarar littattafan Yahudawa da aka fara a Iskandariyya a ƙarni na 3 kafin Miladiyya ta ƙara mata ƙarfi, domin a Ibrananci, kamar a Larabci, wakilin suna ɗafe yake a ƙarshen kalma, masu fassarar kuma sun bi jerin asalin sau da ƙafa. Marubutan Sabon Alkawari sun taso tsakanin tsohon tsari da sabo, kuma ana samun duka biyun a rubutunsu.

A waƙoƙin harshen talakawa na zamanin Rumawan Gabas, daga ƙarni na 12, mai jingina ya riga ya liƙe wa aikatau, saura kawai a san ko gaba ko baya. In aikatau ne ya buɗe jimla, sai ya biyo shi. In kalmar tambaya, ko wasu kalmomin korewa, ko wata kalma da aka jaddada ta gabata, sai ya sha gaban aikatau. Girkancin tsibirin Ƙubrus ya riƙe kusan wannan tsari har yau: ana cewa *ida ton*, “na gan shi”, amma *en ton ida*, “ban gan shi ba”. Girkancin Fontus, na mutanen gaɓar Baƙin Teku da aka kwaso daga Turkiyya zuwa Girka a musayar al'umma ta 1923, kullum bayan aikatau yake sa shi. Daidaitaccen Girkancin yau ya ɗauki wata hanya. A jimlar labari mai jingina gaban aikatau yake, *ton ida*, *mu to edose* “ya ba ni shi”, *den to ksero* “ban san shi ba”, kuma yanzu yana iya buɗe jimla, abin da tsohon harshe ya haramta. Sai a umarni da wata siffar aikatau mai nuna hali ne yake komawa baya, *dose mu to*, “ba ni shi”. Kalma guda ke nan, ma'ana guda, amma gurbinta ya sauya sau uku ko huɗu a tarihin harshen.

Wannan tarihi shi ke ba da amsar farko ga tambayar. Gurbin kalma yana ɗaukar nufi ne a inda mai magana yake da wani gurbin da zai iya zaɓa bai zaɓa ba. Mutumin da ya fita ta ƙofa ɗaya tilo ta ɗaki ba a tambayarsa hikimar zaɓen ta. Bagirken Atina da ya sa *ton* gaban aikatau da ɗan Ƙubrus da ya sa shi baya abu ɗaya suka faɗa, kuma ba wanda ya nufi komai da gurbin. Saboda haka ba a iya karanta nufi daga jerin kalmomi sai an fara sanin iyakar zaɓin da harshen ya ba masu shi a wancan ƙarni, a wancan gari.

Akwai wurin da zaɓin yake a fili. A Linjilar Matiyu, sura 10 aya 40, inda Yesu Almasihu ke gaya wa almajiransa cewa karɓarsu karɓarsa ce, karɓarsa kuma karɓar wanda ya aiko shi ce, wakilin sunan mai magana ya zo sau uku. Biyun farko *eme* ne, tsayayye, an kuma sa shi gaban aikatau. Na ukun *me* ne, jingine a bayan kalmar aikowa. Bambancin yana cikin haruffa, ba wanda zai yi gardama a kansa, kuma ya dace da bayanin Afoloniyus sarai: inda ake gwada almajirai da malaminsu an kawo tsayayye, inda hankali ya koma kan mai aikowa sai wakilin sunan ya yi sauƙi. Mai sharhi da ya tsaya a nan ya yi bayani yana kan turba.

Akwai kuma wuraren da masu wa'azi suka ɗora wa gurbi nauyin da bai da shi. A Matiyu 16 aya 18, inda ake maganar gina ikilisiya, kalmar *mou* ta zo gaban kalmar ikilisiya maimakon bayanta, kuma an sha jin ana cewa an gabatar da ita ne don a jaddada cewa ikilisiyar tasa ce ba ta wani ba. Ko da maganar ta dace da aƙidar mai faɗarta, nahawu bai goyi bayan hujjar ba. *Mou* mai jingina ne, a kan aikatau da ya gabace shi ya kwanta, kuma kalmar da ba ta da nauyi a baki ba a jaddadawa da ita. Haka a Yohanna 13 aya 6, lokacin da Bitrus ya yi mamakin malaminsa zai wanke masa ƙafa. Bayan kiran girmamawa, tambayar ta fara da *su*, “kai”, *mou* ya biyo shi nan take, sannan aikatau, ƙafafun kuwa suna ƙarshe. Masu sharhi da dama sun ga an jera “kai” da “nawa” kafaɗa da kafaɗa don a nuna tazarar ubangida da bara. Abin da ya faru dai shi ne tsohuwar ƙa'idar gurbi na biyu ta yi aikinta. Nauyin tambayar duka yana kan “kai”. Da marubucin ya so jaddada “nawa”, yana da *emos*, kalmar mallaka tsayayya, wadda ya fi kowane marubucin Sabon Alkawari yawan amfani da ita. Ko siffar tsayayye ma ba kullum take nuna jaddadawa ba, domin bayan yawancin haruffa masu ma'anar “cikin”, “daga” ko “saboda”, *emoi* da *emou* da *eme* ake sawa bisa al'ada, ba don an ware kowa ba.

Mai imani yana da abin cewa a nan, kuma bai kamata a raina shi ba. In littafi hurarre ne, ta yaya za a ce akwai kalma a cikinsa da ta faɗo wuri ba da nufi ba? Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya bayyana a wata wasiƙa wajen shekarar 395 cewa ma'ana yake bi in yana fassara, ban da a littattafai masu tsarki, inda a ganinsa jerin kalmomi ma asiri ne. Tun kafin shi, a ƙarni na 2, Akila ya fassara littattafan Ibrananci zuwa Girkanci kalma da kalma, har ya karya ƙa'idar Girkancin don kada ya zubar da ko ƙaramin harafi. Girmamawa ce ta kai su ga haka. Sai dai girmama matani ba ta buƙatar a ƙirƙira masa asiri a kowane lungu. Saƙon da ya zo da harshen mutane ya zo ne da ƙa'idojin harshen, domin ta nan masu shi za su gane. Kalmar da ƙa'ida ta ajiye a gurbi na biyu tana da aikinta, ita ta sa jimlar ta zama Girkancin da kunne zai karɓa. Wanda ya ciro mata wata ma'ana daban, nasa tunanin ya shigar cikin littafin ya jingina wa marubuci, kuma a al'amarin addini wannan ba ƙaramin ganganci ba ne.

Almajiran balaga a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato sun san irin wannan muhawara ta wata ƙofa. Larabci ma yana da lamiri maɗaufi da rababbe, kuma maɗaufi ba ya buɗe jimla, shi ya sa in za a gabatar da karɓau sai an ɗora shi a kan *iyya*. A aya ta biyar ta Fatiha an gabatar da lamirin a kan aikatau, kuma a nan zaɓi ne na gaske, tunda harshen ya yarda a jinkirta shi. Duk da haka malamai sun saɓa a kan abin da zaɓin ke nufi: Zamakhshari ya ce keɓancewa ce, Abu Hayyan ya fi karkata ga cewa kulawa ce da muhimmantarwa. Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu a 1078, ya gina littafinsa Dala'ilul I'ijaz a kan cewa fifikon magana yana cikin tsarinta, amma shi da kansa ya sharɗanta cewa ba a yabon tsari sai inda akwai damar zaɓi.

Amma kuskure ne a ɗauka cewa gurbin mai jingina ba ya koya wa mai karatu komai. Shi ba ya ɗaukar nauyi, amma yana nuna inda nauyin yake. Marubuci bai zaɓi ya sa *mou* na biyu ba, amma shi ya zaɓi kalmar da za ta zama ta farko, shi ya zaɓi inda zai yanke numfashi. Tunda mai jingina yakan nemi kalma mai ƙarfi ya raɓa, ganin sa manne da *su* a tambayar Bitrus shaida ce cewa a kan *su* murya ta hau. A matanin da ba mai rai da ya ji yadda ake furta shi, irin wannan shaida tana da tsada ƙwarai, domin ta nan ake gano inda marubuci ya tsaya da abin da ya ɗaga. Girkancin yau ma yana da makamancin haka. *To vivlio to diavasa* na nufin “littafin, na karanta shi”, an san littafin, ana ba da labarinsa. *To vivlio diavasa*, ba tare da mai jingina ba, na nufin “littafin na karanta”, ba wani abu ba. Zuwan ƙaramar kalmar ko rashinta shi ya raba maganganun biyu, daidai yadda “shi” ya raba su a Hausa.

Matsala mafi wuya tana ga wanda ake yi wa magana, inda *sou*, *soi* da *se* ba su bambanta a haruffa. Aristotal ya lissafa karin sauti cikin hanyoyi shida da lafazi ke ruɗar da mai muhawara, ya kuma lura cewa ruɗin ya fi aukuwa a rubutu, domin a baki murya na warware shi. Ana danganta ƙirƙiro alamomin kari ga Aristofanis na Bizantiyum, shugaban ɗakin karatu na Iskandariyya wajen shekara ta 200 kafin Miladiyya, amma an daɗe ba a sa su a kowane littafi. Tsofaffin kwafin Sabon Alkawari da manyan haruffa aka rubuta su, kalmomi a haɗe ba tazara. Kundin Sina'i na ƙarni na 4 ba shi da alamomin, na Batikan kuwa wani hannu ne ya ƙara su ƙarnoni bayan rubuta shi. Sai wajen ƙarni na 9, da aka koma ƙananan haruffa, sa alama ya zama ƙa'ida, alhali tun a ƙarnonin farko na Miladiyya karin hawa da sauka ya riga ya ɓace daga bakin mutane, nauyin furuci ya maye gurbinsa. Ke nan alamar da ɗalibi ke gani yau a kan *se* hukuncin mai kwafi ne ko na edita, wanda ya duba mahallin maganar ya yanke. Sau da yawa mahallin a fili yake, hukuncin kuma daidai ne. Amma wanda ya kafa hujja da alamar don tabbatar da fahimtarsa ta mahallin, zagaye kawai ya yi ya dawo inda ya tashi.

Girkawan yau ma ba su rabu da matsalar ba. Da gwamnati ta sauƙaƙa rubutu a 1982, aka rage alamomin zuwa guda ɗaya, aka kuma cire ta daga yawancin kalmomi masu gaɓa guda, sai da aka bar wata kafa saboda wakilin suna. Jimlar *o pateras mu ipe* tana iya nufin “mahaifina ya ce”, in *mu* ya jingina baya ga uba, ko “mahaifin ya gaya mini”, in ya jingina gaba ga aikatau. A baki ba a ruɗewa, a takarda kuwa sai an ɗiga alama a kan *mu* na biyun.

Mai fassara zuwa Hausa, tun daga waɗanda suka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932, yana da sauƙi ta wani gefe da wahala ta wani. Sauƙin shi ne Hausa tana da kayan aikin da zai raba *eme* da *me*, “ni ya karɓa” da “ya aiko ni”. Wahalar kuwa ita ce Hausa ba ta da siffar da ke tsakani. In ya iske *se* a matani, dole ya rubuta ko dai “na kira ka” ko “kai na kira”, kuma duk wanda ya ɗauka ya yanke hukuncin da haruffan tsohon kundi suka bari a buɗe. Abin da zai dogara da shi bai wuce uku ba: ko akwai wani da ake gwada mutumin da shi a maganar, ko kalmar ta buɗe jimla ko yankinta, wanda mai jingina ba ya yi, da kuma al'adar wannan marubuci a sauran wuraren da bambancin ya bayyana a haruffa.